Jakar Hawan Dutse: Ki Zaɓe Ta Kamar Za Ki Yi Goyo

 Yau zancenmu a kan jakar goyo ne, watau irin jakar nan da ake ratayawa a baya in za a yi doguwar tafiyar ƙasa ko hawan dutse na yini guda.

Wata za ta ce, ina ruwan mace da hawan dutse? To, ai ruwanta ya yi yawa. Mu malaman makaranta mukan kai yara yawon buɗe ido. Ɗalibai mata na manyan makarantu suna fita tare da 'yan ajinsu. A garuruwa kamar Abuja da Jos kuwa, mata sukan haɗu ran Asabar da sassafe su hau duwatsun bayan gari domin motsa jini, musamman waɗanda likita ya ce su riƙa tafiya saboda hawan jini ko ciwon sukari. Abin takaici shi ne, da yawa in sun fita sau ɗaya ba su ƙara komawa. Sai ki ji mace ta ce, "Ni jikina ba na wannan ba ne, kwana uku na yi kafaɗuna suna ciwo." Ta ɗora wa kanta laifi, alhali kuwa sau da yawa laifin na jakar da ta ɗauka ne. Ni ganau ce, domin abin ya faru a kaina.

ABIN DA YA SAME NI A KUFENA

A ƙarshen zangon karatu na bara muka kai 'yan aji shida Dutsen Kufena, wanda ya ke kusa da Wusasa a yammacin birnin Zariya, domin su ga wurin da mutanen da suka zauna, da sauran tsohuwar ganuwa, su kuma hangi gari daga sama. Ana gobe za mu tafi na shiga kasuwa na sayi jaka. Abu biyu kaɗai na duba, girma da araha. Katuwa ce, maratayanta sirara, ba ta da ɗamara ko ɗaya.

Na zuba mata ruwan leda guda 12, da kular abinci, da akwatin magani, da littafin sunayen yara. Daga baya da na ɗora ta a sikeli da irin wannan kaya, sai na ga ta kai kilo 10, ni kuwa nauyina kilo 55 ne. Wajen hawa na daure. Wajen saukowa ne ido ya raina fata. Dutsen sumul ya ke, jakar kuma tana reto a bayana, in na karkata dama sai ta fizge ni dama. Can sai ƙafata ta zame na zauna daɓas, wata yarinya da ke riƙe da hannuna saura kaɗan in ja ta mu gangara tare. Allah ya kiyaye.

Da muka dawo gida sai na ji yatsun hannuna na dama sun mutu, kamar an kwanta a kansu. Kwana huɗu ban iya riƙe alli da kyau ba. A asibiti aka yi mini bayani cewa jijiyoyin da ke kai saƙo hannu sun ratsa ne ta tsakanin wuya da kafaɗa, daidai inda maratayin jaka ya ke zama. In ya danne su awoyi masu yawa sai hannu ya yi sanyi ya rasa ƙarfi. An daɗe da sanin wannan ciwo a wurin sojoji masu ɗaukar kaya a baya.

DARASIN DA INNA TA BA NI

Da na je gaishe da mahaifiyata na ba ta labari, sai ta ce in ɗauko jakar in rataya ta gani. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Haba 'yar nan, ke da kika goyi ƙannenki uku, kin taɓa ganin an rataye yaro a kafaɗa yana lilo?"

Wannan magana ta Inna ita ce duk karatun da zan ba ki yau. Ki tuna yadda ki ke goyo. Kina ɗora yaro ne a kan kwankwaso, ki manne shi da bayanki, ki ja zane ki tamke a ƙirji da ƙugu, sa'an nan ki ƙara da majanyi a ƙarƙashinsa. Shi ya sa mace ta kan yi daka da shara da zuwa rijiya da yaro mai kilo 10 a baya, kafaɗarta ba ta sani ba. Nauyin yana kan ƙashin ƙugu, shi kuma ya miƙa shi ga ƙafafu, waɗanda su ne masu ƙarfin ɗauka. Masu ƙera jakunkunan tafiya ba su zo da wani sabon abu ba, wannan dabara suka bi. Jakar kirki ita ce wadda ta zauna a ƙugu, ta manne da baya, ba ta reto. Duk sauran abin da zan faɗa bayanin waɗannan uku ne.

KI FARA AUNA BAYANKI

Kafin ki je kasuwa ki nemi tef ɗin tela da wata 'yar'uwa ta taya ki. Ki sunkuyar da kai, ki shafa bayan wuyanki, za ki ji wani ƙashi ya fito fiye da sauran a daidai inda wuya ya haɗu da baya. Nan ne farkon awo. Sa'an nan ki riƙe ƙugu da hannu biyu, manyan yatsunki suna kallon baya, a kan saman ƙashin ƙugu. Layin da ke tsakanin manyan yatsun nan biyu shi ne ƙarshen awo. A auna daga ƙashin wuyan zuwa wannan layi. Galibin mata awonsu yana faɗawa tsakanin santimita 35 da 48.

Kada ki ce tun da ke doguwa ce doguwar jaka za ki saya. Akwai doguwa wadda tsawonta a ƙafa ya ke, bayanta gajere ne, akwai kuma gajeriya mai dogon baya. Tsawon bayan ake nema. In jaka ta fi bayanki tsawo, da kin ɗaura ɗamararta a ƙugu sai maratayan su tashi su bar kafaɗa, jakar ta yi ta rinjaya baya. In kuma ta gaza, ɗamarar za ta hau cikinki, nauyi ya koma kafaɗa. Waɗansu jakunkuna ana rubuta musu girma kamar riga, waɗansu kuwa ana iya matsar da maratayansu sama ko ƙasa. In kin sami irin wannan ta biyu, ta fi, domin ke da ƙanwarki ko 'yarki duk za ku iya amfani da ita.

DON ME AKE YIN TA MATA DABAN?

Ba don launi ba ne. Jaka ja ko mai fure ba ita ce ta mata ba. Bambancin a wurin yanka ya ke, kamar yadda tela ya ke bambanta rigar mace da ta namiji, kuma a wuri uku za ki gan shi.

Na farko, bayanta ya fi gajarta. Na biyu, maratayan kafaɗa sun fi kusa da juna domin kafaɗar mace ba ta kai ta namiji faɗi ba, kuma an lanƙwasa su yadda za su kewaye ƙirji su bi ta gefe, maimakon su miƙe su danne mama. Na uku, ɗamarar ƙugu an yanka ta da ɗan buɗewa daga ƙasa domin ta kwanta a kan ƙugun mace.

Manyan kamfanoni suna sa alama. Kamfanin Deuter na Jamus yana rubuta SL a jikin jakunkunansa na mata. Kamfanin Osprey na Amurka yana da wata jaka mai suna Talon, ta matan kuwa sunanta Tempest. Na kawo sunayen nan ne domin in kin ci karo da su a gwanjo ki gane, ba wai lalle sai su ba. Kuma ki sani ana yin jabun su da yawa, saboda haka ɗinki za ki duba, kada suna ya ruɗe ki. Har ila yau, ba kowace mace ce ta mata ke yi wa daidai ba. Mai faɗin kafaɗa ko dogon baya wataƙila ta maza ta fi zauna mata. Jikinki shi ne alƙali.

GIRMA DA NAUYI

Ana auna cikin jaka da lita, kuma sau da yawa lambar tana jikinta. Ki kwatanta da jarkar ruwa mai lita 20 ko 25 da ke gidanki, sai ki gane yawan wurin. Lita a nan faɗin ciki ta ke nufi, ba nauyi ba.

In tafiyar awa ɗaya ko biyu ce, kamar hawan Dutsen Dala a Kano inda akwai matakala, mai lita 10 zuwa 15 ta isa. In yini za a yi, kamar a Kufena ko duwatsun Shere da ke gabas da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, to mai lita 20 zuwa 25 ita ce daidai. Mai lita 30 sai ga malama ko uwa da za ta haɗa da kayan yara, ko lokacin hunturu da ake buƙatar rigar sanyi mai kauri. Amma irin Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, wannan tafiyar kwanaki ce mai buƙatar jagora da babbar jaka, ba shi mu ke magana ba yau.

Kada ki sayi babba ki ce ko don wata rana. Babbar jaka maciyiya ce, sai kin cika ta hankalinki zai kwanta. Ƙa'idar da matafiya suka saba bi ita ce, jakar yini da kayanta kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinki. Mai kilo 60 ke nan kada ta wuce kilo 6. Bari mu yi lissafi irin na aji. Jakar kanta wajen kilo 1 ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in kin ɗauki lita 2 kin sami kilo 2. Saura kilo 3 ke nan na abinci da sauran tarkace. Kin ga ni da na ɗauki kilo 10 a kan 55, na kusa ninka abin da ya kamata. Ruwan leda 12 ɗin nan kaɗai kilo 6 ne. Da na raba wa yaran kowa ya riƙe nasa, da ban sha wuya ba.

IN KIN JE KASUWA

Ana samun irin waɗannan jakunkuna sababbi a manyan kantuna, ana kuma samun masu kyau a wurin 'yan gwanjo, kamar a Kasuwar Barci ta Kaduna, da Ƙofar Wambai a Kano, da Katako a Jos. Tsohuwa mai ƙwari ta fi sabuwa marar ƙwari nesa ba kusa ba. Ga abin da za ki duba.

Ɗamarar ƙugu. Ki tabbata mai faɗi ce, da soso a ciki, ba siririn bel ba. Siririn yana hana reto kawai, ba ya ɗaukar nauyi. In kin ɗaura, ɓangaren soson ya zagayo ya rufe ƙasusuwan ƙugunki na gaba, kuma a sami saura a bel ɗin na ƙarawa da ragewa.

Maratayan kafaɗa. Ki matsa soson da yatsa. In ya dawo, da ransa. In ya lafe kamar tsohuwar katifa, ya mutu. Kada su goge miki wuya, kada kuma su cije ki a hammata.

Maɗaurin ƙirji. Shi ne ɗan siririn da ke haɗa maratayan biyu ta gaba. Ki nemi wanda ake iya ja sama da ƙasa, domin wurin zamansa a jikin mace sama da mama ne, kamar yatsa biyu a ƙasa da ƙashin nan na gindin wuya. Wanda aka ɗinke a wuri ɗaya sau da yawa a kan mama ya ke faɗawa.

Bayan jakar. Ya kasance da ɗan tauri, kada ki iya naɗe jakar kamar tsumma, domin taurin ne ke kai nauyi ƙugu, ya kuma hana kaya sukar bayanki. A ƙasarmu mai zafi, wadda aka ɗame wa raga a baya ta bar rata tsakaninta da jiki ta fi daɗi, iska na shiga, gumi ba ya jiƙa riga sharkaf. Sai dai tana ɗan nisanta kaya da jiki, kuma cikinta ya kan ɗan ragu.

Aljihunan gefe. Ki gwada ko hannunki zai kai ki zaro gorar ruwa ba tare da kin sauke jakar ba. Ruwan da sai an sauke jaka za a sha, ba a shansa yadda ya kamata.

In ta gwanjo ce, ki ƙara da waɗannan. Ki ja kowane zif sau uku. Ki ɓalle kowane maɓalli ki mayar, ki duba ko ya tsage. Ki juya cikinta, in kin ga rufin ciki yana ɓarewa ko yana danƙo da wari, ruwa zai shiga. Ki duba ɗinkin da ya haɗa maratayi da jaka ta sama, nan ne ya kan fara ɓallewa. Ƙaramar farkewa baduku zai gyara, amma mataccen soso da fasasshen baya ba su da magani.

Sa'an nan babban gwaji. Kada ki gwada jaka ba kaya a ciki, domin kowace jaka daɗi gare ta in ba kome. Ki tafi da gorar ruwa biyu manya, ko ki roƙi mai shago ya zuba miki kaya kamar kilo 5. Ki goya, ki yi ta zagaye minti goma, ki sunkuya, ki ɗaga hannu sama, ki juya da sauri. In kunya ta hana ki yi a gaban maza, ki tafi da 'yar'uwa ta kare ki, ko ku yi sharaɗi da mai kaya cewa za ki gwada a gida ki mayar in ba ta yi ba. Ɗan abin da ya dame ki cikin minti goma a shago, shi zai zama azaba bayan awa huɗu a kan dutse.

YADDA AKE SHIRYA TA DA ƊAURA TA

Kaya masu nauyi, watau ruwa da abinci, su zauna a tsakiya, manne da bayanki. Marasa nauyi kamar rigar sanyi da 'yar sallaya su je ƙasa. Abin da za ki buƙata da sauri, kamar waya da filasta da tocila, su zauna a sama ko aljihun waje. Kada ki rataya kula ko leda a jikin jakar ta waje tana lilo. Da damina ki sa babbar leda a ciki tukuna ki zuba kaya, ko da jakar tana da murfin ruwa.

Guzuri kuwa, dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dambun nama sun fi kular shinkafa sauƙin ɗauka. Ki haɗa da bandeji, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, da audugar mata ko da ba lokacinki ba ne, wataƙila wata ta buƙata, da ledar da za ki dawo da shararki gida.

Wajen ɗaurawa akwai tsari. Ki sassauta kome tukuna. Ki goya, ki fara da ɗamarar ƙugu, ki tamke ta a kan ƙashi. Sai maratayan kafaɗa, ki ja har jakar ta manne da baya, amma kada ki ja har su ƙwace nauyin daga ƙugu. In akwai ƙananan igiyoyi a saman kafaɗa masu jawo kan jakar kusa da ke, ki ɗan ja su. Maɗaurin ƙirji shi ne na ƙarshe, a yi shi sako-sako yadda za ki yi numfashi sosai. Alamar kin yi daidai ita ce ki iya zura yatsa tsakanin maratayi da saman kafaɗarki. In za a sauko daga dutse ki ƙara ɗame jakar, domin a gangara ne reto ya ke kada mutum.

MU DA TUFAFINMU

Waɗanda suka ƙera jakunkunan nan ba su yi lissafi da suturarmu ba, saboda haka sai mu yi wa kanmu dabara. In kin rataya jaka a kan dogon hijabi, maratayan za su danne shi ya riƙa jan kanki baya, wuyanki ya ƙage. Ki goya jakar a kan riga sa'an nan ki saki hijabi a kanta, kamar dai yadda ki ke rufe goyo, ko ki sa gajere wanda ba zai harɗe ki ba. Ƙullin zane ko na siket in ya faɗa ƙarƙashin ɗamara zai ƙuje ki, ki kawar da shi. Jigida kuma a cire ta a bari a gida ran nan.

Mai shayarwa ta sassauta maɗaurin ƙirji ƙwarai. Mai ciki, da wadda aka yi wa aikin haihuwa bai daɗe ba, kada su ɗaura ɗamara a mara sai sun tambayi likita ko ungozoma. In kuma kina tafiya kika ji yatsunki sun fara mutuwa, ki tsaya nan take ki sassauta maratayi ki rage kaya, kada ki daure irin tawa.

Abu ɗaya da jaka ba za ta yi miki ba shi ne tsaro. Kada a fita sai cikin ayari, da sanin mutanen gida, a kuma tambayi mutanen yankin halin da wurin ya ke ciki kafin a tashi, a nemi ɗan gari ya yi jagora.

A hutun da ya wuce mun koma Kufena da wani ajin. Wannan karo jakata ta gwanjo ce mai lita 22, kayanta kilo 5, kowane yaro kuma da gorar ruwansa. Na hau na sauko hannuwana biyu a sake, ina kama wanda ya zame. Ran Litinin na shiga aji na cika allo da rubutu.

Saboda haka 'yar'uwa, in kin taɓa fita kika sha wuya, kada ki yanke wa kanki hukunci tukuna. Ki ɗauko tef ki auna bayanki, ki ɗora jakarki a sikeli, ki sake gwadawa. Wadda kuma ta ke da wata dabara da ban ambata ba, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.